Yadda ake sa wa aksul ɗin tsohuwar motar soja diflok

Da ruwan watan Afrilu ya kankama, mu a Suame Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi a Gana, mun san irin baƙin da za mu yi. Masu tsofaffin motocin soja ne: mai ɗauko katako daga dajin Sefwi, mai kwasar doya a ƙauyukan bayan Atebubu, mai injin haƙa rijiyar burtsatse da ya ɗora a bayan Reo, motar sojan Amurka. Kukansu ɗaya ne. Alhaji ya sayi motar don an ce masa ta yaƙi ce, babu inda ba ta shiga, sai ga ta ta kafe a jan taɓo, taya uku na juyawa suna watsa laka, sauran suna tsaye kan busasshiyar ƙasa kamar ba da su ake ba.

Laifin difa ne, wato giyoyin da ke tsakiyar aksul tsakanin tayoyi biyu, kuma aikinta take yi. An ƙera ta don ta raba ƙarfi daidai wa daida tsakanin tayar hagu da ta dama, ta kuma bar ta waje ta fi ta ciki gudu a kwana. To idan taya ɗaya ta hau santsi, ƙarfi kaɗan ya ishe ta juyawa, kuma wannan kaɗan ɗin ne ita ma ɗayar za ta samu. Mota mai aksul uku tana da difa uku, kowace ta zaɓi tayar da ta fi rauni. Diflok shi ne abin da ke ɗaure shaf biyu, wato sandunan da ke kai ƙarfi daga difa zuwa taya, su zama ɗaya, ko taya na reto a sama ɗayar ta ci gaba da turawa.

Kafin in shiga aikin, bari in kawar da maganar walda, don na san ita ce a ran rabin masu karanta wannan. Shekarun baya an jawo mana wata mai ɗaukar katako wadda aka narke wa ƙananan giyoyin difar baya da walda a wani gareji, ba zan faɗi inda yake ba. A daji ta yi abin kirki, direban har yabo yake. Sai da ta hau kwalta da lodi ta nufo Kumasi, a wani shatale-tale shaf ya ce ƙas. Da muka zare shi, bakin karayar a murɗe yake kamar an matse rake. Gutsuren ya tsaya a ciki, ɗigon walda ya ɓantare ya bi mai ya cinye boris biyu. Mai motar ya tsaya a kaina yana cewa, "Masta, ai ca aka yi mini an gama mini magana ke nan har abada." Difar da aka yi wa walda ba ta sanin kwana. Kowace kwana a kan ƙasa mai tauri murɗa shaf take yi, taya na goguwa, har ranar da wani abu zai gaji. Idan motar ba ta barin gona ko ramin yashi, wannan tsakaninka da aljihunka. Idan tana hawa titin da mutane ke bi, ni ba na yi.

San aksul ɗinka tukuna

Kada ka aika kuɗi ko'ina sai ka san abin da ke ƙarƙashin motar. A wanke aksul ɗin da kananzir da buroshin waya, a nemo farantin lamba ko rubutun da aka buga a jikinsa, a ɗauki hoto da waya. Motocin nan sun wuce hannuwa da yawa, kuma a Magazin ba abin mamaki ba ne ka tarar da kan Bedford a kan ƙafafun Benz. (Sunan Magazin kansa daga ma'ajiyar makaman sojan mulkin mallaka ya samo asali, don haka kayan soja ba baƙi ba ne a unguwar.)

Wani lokaci ma babu abin da za a saya. Unimog daga kamfani take zuwa da diflok gaba da baya, manyan MAN na sojan Jamus ma suna zuwa da shi aƙalla a baya. Sau da yawa an kawo mini irin waɗannan ana neman a sa musu abin da suke da shi, sai in tarar tiyon iska ne ya tsinke tun zamanin wani direba, ko fistin ɗin da ke tura kullen ya ci tsatsa. Duba jikin difar: in ka ga ɗan silinda da tiyo ko wayar lantarki na shiga, gyara ne a gabanka, ba sabon aiki ba.

Waɗanda galibi suka zo babu, su ne irin Bedford MK da MJ na Ingila, da Reo ta Amurka, wato M35, da yayyenta masu tan 5 irin M809 da M939. Zan fi daɗewa a kan M35 don ita na fi buɗewa, kuma ita ce kayanta ke samuwa. Aksul ɗinta na Rockwell ne, ana gane shi daga nesa: furofela, sandar da ke kawo ƙarfin inji, ba ta shiga ta tsakiya kamar sauran motoci, ta sama take bi, kan difar na zaune bisa aksul kamar tulu a kan gammo. Rabon giyarsa 6.72 ne, na masu tan 5 kuma 6.44. Shaf ɗin M35 haƙora 16 gare shi a baki. Kada ka yarda da maganata a nan, zare shaf ɗaya ka ƙirga da alli, don kullen da aka yi wa haƙora 16 ba zai karɓi wani ba.

In farantin lamba ya ɓace, ga yadda ake gane rabon giya. A kwance furofela daga bakin difar, a ɗaga taya ɗaya kawai, a sa alamar alli a taya da kuma a filanjin, wato faifan da furofela ke ɗaure a kai. Yaro ya juya tayar sau biyu cif, kai kana ƙirga juyin filanjin. In ya yi shida da kusan kashi uku cikin huɗu, 6.72 ke nan.

Wane irin kulle?

Iri biyu ne na gaske. Na farko mai kulle kansa, wanda aka fi sani da Detroit Locker ko NoSpin. Tsohon abu ne, tun 1941 aka ƙirƙiro shi, ya yi aiki a motocin sojan Amurka a yaƙin duniya na biyu, kuma tun 2005 yana hannun kamfanin Eaton. Ba ya son iska, ba ya son waya, ba ya jiran direba. A kulle yake kullum, sai a kwana ya saki tayar waje ta yi gaba, kana jin ƙas-ƙas-ƙas, in an miƙe ya sake kamawa. Na biyu mai iska ne, irin na ARB na Ostareliya: difa tana nan a buɗe kamar yadda take, sai direba ya danna makunni iska ta tura kulle.

Ra'ayina, bayan abin da na gani: a baya, NoSpin. Motar da direbobi uku ke karɓa-karɓa, kuma mai ita na zaune a Aboabo ba ya ganin abin da ake yi a daji, ta fi zama lafiya da abin da ba a mantawa a kunna ko a kashe. A gaba kuwa, ko mai iska ko a bar shi yadda yake. M35A2 ba ta da fawa a sitiyari, da ƙwanji ake juya ta, in ka kulle gabanta kullum direban zai tsane ka, kuma gaɓar shaf ɗin gaba ita ce mafi rauni a duk ƙafafun motar.

In kuɗin guda ɗaya ne, a fara da aksul ɗin ƙarshe. Ya fi sauƙin kaiwa, kuma tun da babu difa tsakanin aksul biyun baya na M35, furofela ɗaya ce ta ratsa na tsakiya ta wuce na ƙarshe, duk wanda ka kulle zai samu ƙarfi. Yawancin waɗanda suka yi guda ba su dawo neman na biyu ba. Kayan sai an yi oda daga waje su sauka ta Tema, don haka a fara maganar tun rani, ba ranar da mota ta kwana a taɓo ba.

Tayoyi

Wannan matakin ake tsallakewa, shi kuma ke kashe aikin. Kulle na ɗaukar cewa tayar hagu da ta dama girmansu ɗaya. In ɗaya sabuwa ce ɗaya ta suɗe, ko a miƙaƙƙen titi ɗaya na son ta riga ɗaya, sai kullen ya yi ta saki da kamawa, mota na fizga gefe, shaf ɗaya na ɗaukar kayan biyu. A hura duka iska ɗaya, a zagaya kowace da tef a tsakiyar gadon bayanta, a rubuta da alli. Bambancin kada ya wuce inci uku bisa huɗu, wato wajen santimita 2. Tayoyin 9.00-20 na hom-yus, wato na hannu da aka shigo da su daga waje, da ake tsinta ɗaya a nan ɗaya a can, sai an baje su a ƙasa an haɗa su aure kafin a samu takwas da suka yarda da juna. A yi wannan tun kafin a taɓa sifana.

A duba bututun aksul ɗin kuma. Motar da ta shekara tana ɗaukar abin da ya ninka ƙarfinta takan lanƙwasa shi. Alamar ita ce tayoyin baya na cinyewa ta ciki, ko shaf na fita da ƙyar, haƙoransa sun goge gefe guda. Lanƙwasasshen aksul ba ya riƙe kulle.

Fitar da kan difa

A ajiye mota a daɓe mai tauri, a datse tayoyin gaba da katako gaba da baya. Ka ji wannan da kyau: birkin hannu na M35 a bayan tiransifa yake, wato akwatin giyar da ke raba ƙarfi gaba da baya, furofela yake kamawa, ba taya ba. Da ka kwance furofela ko ka zare shaf, kada ka ƙara dogara da birkin hannu. Na taɓa ganin wata ta silalo a hankali ta danne akwatin kayan aikin wani, Allah ya kiyaye shi kansa ya tafi sayen koko. A cire kan batir, wutar volt 24 ce. A saki iskar tankuna.

A buɗe noti na ƙasa a tsiyaye mai a cikin faranti mai tsabta, ka sa yatsa ka murza. Baƙin gari mai laushi a jikin maganaɗisu ba komai ba ne. Ɓarɓashi mai kaifi ko mai da ya koma kamar kunun gyaɗa, wato ruwa ya shiga, yana nufin boris ma za su tafi, a sa su a lissafi.

Shaf ɗin baya ba ya ɗaukar nauyin mota, don haka ana zare shi ba tare da cire taya ba. A kwance notocin filanjin da ke tsakiyar taya, a buga tsakiyarsa da guduma ta kan guntun tagulla har ya saki, a ja. Kada a cusa kurfi tsakanin filanji da hob, nan mai zai riƙa bi daga baya. A sa wa na hagu da na dama alama. Sai furofela: alamar fenti a filanji biyu don su koma yadda suke, a ɗaure ta da waya gefe.

Kan Rockwell sama yake fita, kuma nauyinsa ya fi ƙarfin a ce samari biyu su ciccibo. In bodi na kai, sararin kaɗan ne. Ni na fi son a ɗaga bodin, ko a kwance aksul ɗin gaba ɗaya a mirgino shi waje, a kafa ƙafa uku da cen-bulok a kansa. A kwance notocin da suka zagaye shi. Kafin a ja sarƙa, a buɗe murfin leƙawa a haska tocila, don a wasu akwai ƙusoshin da ke riƙe shi ta ciki, ba a ganinsu daga waje. In ka ja ya ƙi, kada ka ƙara ƙarfi, akwai abin da ka manta. Da ya fito a rufe bakin aksul da tsumma mai tsabta. Ƙurar Magazin ba ta neman izini.

Zuciyar aikin

A kifa kan difar a kan benci, cikinsa na kallon sama. Za ka ga tukunyar difa da babban giya mai karkatattun haƙora a jikinta, marufan boris biyu na riƙe da ita, kowanne da zoben daidaitawa mai tsage-tsage. Wani alheri na wannan aksul shi ne sau biyu yake rage gudu: finiyan da kurawun ɗinsa, wato giyoyin da ke karɓar juyin furofela, suna can sama a nasu ɗakin, ba za ka taɓa su ba. Wahalar daidaita cizon haƙoran kurawun, wadda ke cinye yini a sauran motoci, babu ita a nan.

Ɗauki fanci ka buga ɗigo ɗaya a murfin hagu da ƙafarsa, ɗigo biyu a na dama. Marufan nan tare aka huda su da gidansu, in suka yi musaya zaren zoben ba zai hau ba. Ka sa alama inda kowane zobe ya tsaya. A yanke wayar kulle, a kwance, a ɗaga tukunyar waje, kowane kofin boris ya zauna gefensa.

Tukunyar ɓari biyu ce. Ja layi da fanci a kan haɗin kafin ka raba ta. A ciki akwai gicciye mai ƙafa huɗu, ƙananan giyoyi huɗu da muke kira sifaida, giyoyin gefe biyu, da wasoshin da ke bayansu. Duka waje. Wasoshin ma, kada ka mayar da ko ɗaya. Wannan kuskure na gani fiye da sau ɗaya: bakanike ya ga wasa mai kyau, ransa bai ba shi ya bar ta ba, ya mayar, sai ta matse kullen ya kasa saki a kwana, mota ta koma kamar mai walda. A wanke ɓarin biyu, a shafa yatsa a ramukan da ƙafafun gicciye ke kwanciya. In sun faɗaɗa ko akwai tsaga, a nemo wata tukunya. In ƙaya ce kawai ta taso, a goge da dutsen wasa wuƙa.

NoSpin yana zuwa a haɗe, an soke shi da dogon bolti mai wasa biyu da noti mai kunne. Kada ka kwance shi don ka ga cikinsa. Akwai sifirin biyu masu ƙarfi a matse, wannan boltin ne ke riƙe da su. Wani yarona, shekararsa ta biyu a hannuna, ya murɗe notin ina waje ina sallama da mai kawo mai. Na dawo na tarar da shi a durƙushe yana lalube ƙarƙashin benci, leɓe na jini, yana cewa, "Masta, wallahi taɓawa kawai na yi." Mun tsinto komai, amma rabin yini ya tafi wajen mayar da shi.

A shafa masa man giya, a kwantar da shi cikin ɓarin farko yadda ƙafafunsa huɗu za su zauna a ramukan gicciye, a kifa ɓari na biyu layi ya hau layi. Ɓarin biyu su haɗu da kansu. In akwai rata sai an ja da bolti, wani abu bai zauna ba, a buɗe a duba. A ɗaure bolti ɗaya nan ɗaya can tsallake, da sifana mai awo. Adadin ƙarfin yana cikin littafin gyaran motar, na M35A2 lambarsa TM 9-2320-361, ana samunsa kyauta a intanet, ka sauke a waya ka nuna wa wanda ya iya karanta shi in kai ba ka iya ba. "Ɗaure har ya yi ƙara" ba awo ba ne. Boltin da ya miƙe ko zarensa ya cinye a canza, a saƙa sabuwar wayar kulle yadda in bolti ya so kwancewa wayar ta ƙara tsukewa.

Yanzu ne za a kwance notin mai kunne, a zare dogon boltin da wasoshinsa ta ramin shaf. In ka manta shi a ciki, shaf ba zai shiga ba, sai ka sake sauke komai. Ka ba mai mota shi ya adana, ranar da za a sake buɗe tukunyar za a neme shi.

A mayar da tukunya gidanta, marufai kowanne gefensa, a ɗaure su sama-sama. A juya zobban har babban giya ya daidaita da ƙaramin da ke tura shi, faɗin haƙori kan faɗin haƙori. A kafa agogon awo a gefen giyan, a riƙa tura tukunyar hagu da dama da ƙarfe ana matse zobba har allurar ta daina motsi, sannan a ƙara tsaga ɗaya kowane gefe. A ɗaure marufai da awo, a sa makullan zobba. Juya da hannu: ya tafi sumul da ɗan nauyi, babu inda yake cijewa.

Sabon gaskit, a sauke kai a hankali, a mayar da shaf da furofela kan alamominsu. A zuba man giya 80W-90 har ya kusa bakin ramin cikawa.

Gwaji kafin taya ta taɓa ƙasa

A ɗaga tayoyin aksul ɗin biyu a kan jak da katako, a ja birkin hannu don furofela ta tsaya. Kai a dama, yaro a hagu. Ku juya tayoyin gaba tare har su tsaya, ba za su yi nisa ba. Yaro ya danne tasa gaba da ƙarfi, kai ka juya taka baya. Ta tafi sakayau, kana jin ƙas-ƙas a hankali. Sai ku juya duka baya har su tsaya, ya danne tasa baya, kai ka juya taka gaba. Sannan ku yi musaya, kai ka riƙe shi ya juya. Sau huɗu ke nan, kuma duka huɗun sai sun saki. In ɗaya ya ƙi, kada ka ce zai gyaru a hanya. Ko wasa ce ta rage a ciki, ko shaf ya yi tsawo yana tokare kullen, ko tukunyar ta matse shi.

In mai iska ne

Shi ARB tukunyarsa daban yake zuwa da ita, babban giyanka za ka ɗauke ka mayar a kanta, da sababbin boris. Abin da ya bambanta shi ne hanyar iska. Akwai zobe mai robobi biyu a ciki da siririn bututun tagulla a jikinsa. A huda jikin kan difar da bakin inci 7/16, a yanka zaren bututu na inci 1/4, a share ɓarɓashin ƙarfe tas, a lanƙwasa bututun da hannu ya bi gefe nesa da haƙoran giya. Robobin nan a shafa musu mai, a zura su ba tare da sun murɗe ba. Tun a benci a ba shi iska psi 90, a rufe, a zuba wa geji ido. In allura na sauka, yanzu ne lokacin gyara. Iskar da ke zurarewa cikin aksul tana turo mai ta sil ɗin taya ya jiƙa takalmin birki, don haka a tabbatar ɗan numfashin da ke saman aksul ba a toshe yake da laka ba. Ni nakan sa masa tiyo in kai bakinsa sama jikin shasi, saboda rafukan da ake tsallakawa.

Motar tana da kwamfiresonta, ba sai an sayi wani ba. Amma birkin M35A2 layi ɗaya ne, iska ke taimakon mai, in iska ta tafi ƙafa kaɗai ba ta tsayar da lodi. Saboda haka ba a yanka tiyon birki a sa mahaɗa. A ɗauko daga tanki ta bayan bawul mai tsare iska, wanda ke rufewa da kansa in matsi ya faɗi, yadda ko reshe ya fizge tiyon diflok a daji birki na nan. Solonoyid, wato bawul ɗin lantarki mai sakin iska, ya zama na wuta 24, da fis ɗinsa. Na 12 zai ƙone. Tiyo ya bi saman shasi nesa da salansa, a bar masa rara inda aksul ke hawa da sauka. Makunni mai murfi, da fitila ja a gaban direba. In an sa gaba da baya, a haɗa wayar yadda na gaba ba zai kama ba sai na baya na kunne. Da irin laimar Kumasi, a riƙa tsiyaye ruwan tankuna kowace yamma.

Aksul ɗin gaba kuwa sai an cire taya, ganga, hob da sandar da hob ke hawa kafin shaf ya fito. Sauran duk ɗaya ne.

Na Turai

Benz da MAN da DAF hanyarsu daban. Ba a cika samun kullen sakawa ba, sai dai a nemo kan difa na hom-yus mai diflok daga irin aksul ɗin sak, a nan layin masu kayan manyan motoci wajen abokanmu Tonawa, ko a Abossey Okai a Akra. Lambar aksul ɗaya, rabon giya ɗaya. In rabon ya saɓa da na sauran ƙafafun, motar za ta riƙa faɗa da kanta har tiransifa ta fashe. Ka saya da shaf ɗin gefen kullen, don haƙoransa sun fi tsawo, a kansu zoben kulle ke zamewa, naka na da ba zai yi ba. Mai sayarwa zai ce zai yi. Ka tafi da naka ku jera su a ƙasa.

A irin wannan kai, duk ranar da za a zare shaf ko a mayar, sai an kunna kullen tukuna, da iska ko da boltin da ake murɗawa a bayan silindar. In ba haka ba zoben ya faɗo, shaf ya ƙi shiga, mai gaggawa ya kawo guduma ya karya cokalin da ke tura shi. In kuma ka raba kurawun da tukunyarsa, ka auna ratar haƙora da agogo kafin ka kwance, ka mayar da ita yadda ka same ta, ka shafa shuɗin awo ka ga inda haƙoran ke cizo.

Abin da za a gaya wa direba

Ba na ba da makullin mota sai na zagaya da direban da kansa, yaron motarsa na zaune a tsakiya yana ji. Mai iska: a kunna kafin a shiga taɓo, mota na tsaye ko tana rarrafe a miƙe. Ba a kunnawa taya na tsakar juyawa, haƙora ake zubarwa. Kada a wuce kilomita 40 a awa yana kunne, a kashe da an taka ƙasa mai tauri, in fitila ta ƙi mutuwa a ɗaga ƙafa daga totur ko a ɗan ja baya. NoSpin: zai riƙa jin ƙara a kwana, wani lokaci bugu guda kamar an jefi shasi da dutse, lafiya ce. A shiga kwana da ƙafa a sake, kada a taka totur a tsakiyarta.

Duka biyun suna da hali ɗaya da ya kamata ya sani. Mota mai kulle tana son tafiya miƙe ko an juya sitiyari. Kuma a hanyar da ta karkata gefe mai santsi, da can taya ɗaya ke juyawa ɗayar na riƙe da mota, yanzu duka biyun za su juya, gindin motar ya zame ya nufi kwari. Giya ta ƙasa, totur kaɗan. In ta nutse har aksul ya kwanta a laka, a sauka a haƙa ko a rage kaya, don duk ƙarfin injin yanzu yana iya taruwa a kan shaf ɗaya, mai kaurin da bai kai inci 2 ba. Shi ya sa nake sa kowane mai mota ya ɗaure shaf ɗaya na ajiya a bayan kujera, da doguwar sandar rodi ta turo gutsure daga ɗaya gefen.

Bayan tafiyar farko a dawo mini da ita. Ina dafa kan difar da bayan hannu in ji zafinsa, in bi notocin filanji da sifana, in duba bayan gangunan birki ko mai ya tsatso, in sake zagaya tayoyin da tef. Sannan in buɗe notin ƙasa kaɗan, in tari cokali guda na man, in kai shi hasken rana.